Wa Ke Magana da Bakinka? Karanta Fuskar LinkedIn Daga Karkarar Kano

Tambayar farko da ake koya wa mai nazarin adabi ita ce: wa ke magana? Marubuci ne, ko tauraron labari, ko wani mai ba da labari da ya laɓe a bayansu? Ina so in kai wannan tambaya inda ba a saba kai ta ba, wato fuskar waya. Abin da ke rubuce a kan maɓallan manhaja rubutu ne kamar kowane rubutu. Akwai wanda ya zauna ya zaɓi kalmominsa, ya yanke wadda za a yi da manyan baƙaƙe da wadda za a dusashe a tura gefe. Bambancinsa da ƙagaggen labari shi ne ba a sa sunan marubuci, kuma mai karanta shi ba ya jin cewa karatu yake yi. Sana'ata rubuta manhaja ce, don haka irin wannan rubutun nake yini a kai, kuma ina ganin ya cancanci a yi masa sharhi kamar yadda ake yi wa littafi.

Matanin da na zaɓa shi ne LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki da Reid Hoffman da abokansa suka buɗe a 2003, wanda Microsoft ya saya a 2016 kan dala biliyan 26.2, wanda kuma ya sanar a 2023 cewa mambobinsa sun kai biliyan ɗaya. Jimlarsa mafi shahara ita ce wadda ya daɗe yana liƙawa a saƙon gayyata, ma'anarta da Hausa: ina so in saka ka cikin abokan hulɗata na aiki. Dubi wakilin sunan da aka yi amfani da shi. "Ina." Ba a ce kamfani yana gayyatar ka ba, an ce wane ne yake so. A sama ga sunansa, ga hotonsa. Amma shi wanen bai rubuta jimlar ba, kuma kamar yadda za mu gani, akwai lokacin da bai ma san an sake aika saƙo da sunansa ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai matsalar 'yan birni ce masu ɗaure wuya da laktaye, me ya haɗa ta da ƙauyukan Dambatta da Bichi da Kunci da Tsanyawa? Abin da ya haɗa su shi ne a kusan kowace unguwa ta wannan yanki yanzu akwai saurayi ko budurwa da suka gama NCE a kwalejin Bichi, ko difloma a kwalejin noma ta Audu Bako da ke Dambatta, ko digiri a Jami'ar Bayero, suka dawo gida. Gona ba ta ƙaruwa, magada ne ke ƙaruwa. A nan gona ba ta hutawa, kowace shekara sai an kai mata taki an noma, iyakar wannan ita ce mafarin ta wancan. Wanda ya yi karatu ya san gayaunarsa ba za ta riƙe shi ba, sai ya yi noman damina da safe, da yamma ya nemi inda sabis ya fi ƙarfi ya shiga neman aiki. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 don horar da matasa miliyan uku kan fasahar zamani, nasihar da ake ta maimaita wa masu koyo a tarukan bita ita ce: buɗe LinkedIn, gyara shafinka, ƙulla hulɗa da mutane. Nasiha ce mai kyau. Sai dai ba a cika haɗa ta da bayanin irin gidan da ake tura yaron ya shiga ba.

Kuma ba mu ne za a koya wa ƙulla hulɗar sana'a ba. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda Bahaushe mai shanu zai sauka a gidan maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahauta Yarabawa shanun bashi, ba takarda ba sa hannu. Abin da ya riƙe cinikin gaba ɗaya shi ne sunan maigida. In mahauci ya gudu, shi zai biya, domin in ya ƙi, labari zai riga shi isa arewa. Har yau haka ake ciniki a Dawanau: tirelar riɗi tana tashi a kan kalmar mutum ɗaya ta waya. A irin wannan tsari suna jari ne, kuma jarin talaka ma ya fi kasancewa sunan, tun da ba shi da wani. Duk wanda ya ari bakinka ya yi magana da mutanenka, jarinka ya taɓa.

To, ga abin da ya faru. A watan Satumba na 2013 wasu mambobin LinkedIn suka kai kamfanin ƙara a kotun tarayya da ke San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙarar da aka sani da sunan Perkins. Kokensu a kan wani sashe ne na yin rajista. Ka shigar da adireshinka na imel, ka zaɓi kalmar sirri, sai wani shafi ya fito da adireshin naka an riga an rubuta shi, ƙasansa babban maɓalli mai launi yana cewa ka ci gaba. Mutumin da ke cikin cike fom yana ganin wannan mataki ne na gaba kawai. Alhali danna shi izini ne ga kamfanin ya leƙa akwatin imel ɗinka ya kwashe adireshin waɗanda ke ciki. Hanyar tsallakewa tana nan, ba a cire ta ba, amma da ƙananan baƙaƙe a gefe. Daga nan sai a jero maka sunaye, kowane da alamar zaɓi an riga an saka masa. In ba ka bi ka cire ba, gayyata ta tafi ga tsohon malaminka, da wanda ka taɓa nema aiki wurinsa ya ƙi ka, da wanda kuka yi saɓani shekara biyar da suka wuce.

Inda shari'ar ta fi ba ni sha'awa a matsayin mai nazarin rubutu shi ne hukuncin farko da alƙaliya Lucy Koh ta yanke a 2014. Ba ta yarda da masu ƙara a kan komai ba. Ta ce game da kwasar adireshi da gayyatar farko, an nuna musu a allo, sun danna, don haka sun yarda. Amma akwai saƙo na biyu da na uku. In wanda aka gayyata ya yi shiru, sai manhajar ta sake aika masa tunatarwa, sannan ta ƙara wata, duk da sunan mai gayyata da hotonsa. Wannan kam, in ji ta, ba a gaya wa kowa ba. Ta kuma lura da cewa illar ba ta tsaya ga damun wanda aka aika wa ba, tana iya zubar da ƙimar mai sunan, domin za a ɗauke shi mutum ne mai naci wanda ba ya gane an ƙi shi.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. A wurinmu shiru amsa ce. In ka aika yaro wurin babban mutum da buƙata ya dawo ya ce "ya ce ya ji", ka san inda maganar ta kwana, kuma ladabi shi ne ka bar ta a nan. Yanzu ka ɗauka yaron, ba tare da saninka ba, ya koma bayan kwana uku ya ce ka ce a tuna masa, ya sake komawa bayan mako. Ba yaron za a zarga ba. Kai za a ce ba ka da kara. Abin da manhajar ta yi ke nan, ga miliyoyin mutane, kuma dalilinta a fili yake: saƙon da ya zo da sunan wanda ka sani ka fi buɗe shi a kan tallan kamfani. Amanar da ke tsakaninku, wadda kuka yi shekaru kuna ginawa, ita aka mayar kuɗin talla. A 2015 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 13 don a rufe maganar, bai amsa laifi ba, ya kuma yi alkawarin bayyana wa mutane batun tunatarwar da ba su hanyar dakatar da ita. In aka auna da farashin da aka saye shi bayan shekara guda, kuɗin bai kai cikin cokali ba.

Irin wannan ƙira tana da suna a sana'armu tun 2010, lokacin da wani Bature ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya fara tattara misalanta a wani shafi yana ba kowane iri laƙabi. Da Hausa zan kira ta ƙirar yaudara. Ma'anarta allo ne da aka tsara da gangan domin ka aikata abin da ba ka yi niyya ba. Ba ƙarya ce tsirararta ba, kuma nan ne wayonta yake. Kowace kalma a shafin za a iya kare ta a gaban alƙali. Yaudarar tana cikin girman baƙaƙe, da launi, da jerin matakai, da abin da aka riga aka zaɓa maka. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar ƙauye ya san danginta: kwanon awo da aka ɗan buga gindinsa ya loɓa ciki, ko buhun wake da aka zuba mai kyau a baki. Mai awo bai ce maka komai ba, ai a gabanka ya auna.

Bari in faɗi yadda abin yake daga ciki, don kada a zaci wasu mugaye ne ke taruwa a ɗaki suna ƙulla sharri. Bambancin akwatin zaɓi da aka bari fanko da wanda aka riga aka cike kalma ɗaya ce a cikin lambobin manhaja. Yadda ake yanke shawara kuwa shi ne a yi gwaji: a nuna wa rabin masu shigowa wannan fuska, ɗaya rabin waccan, bayan mako a duba wacce ta fi kawo gayyata. Wadda ta yi nasara ta zauna. A sake gwada wani launi, wata kalma, wani wuri. Bayan gwaji ɗari, sai a wayi gari da shafin da ba wanda ya zauna ya tsara shi don cuta, amma kowane lungunsa ya karkata gefe guda. Ma'aunin yana ƙirga wanda ya danna, ba ya ƙirga wanda ya ji kunya washegari. Wannan bayani ne, ba uzuri ba ne. Mutum ne ya zaɓi abin da za a ƙirga. Kuma abin ya yaɗu: masu bincike a jami'ar Princeton sun bi shafukan sayayya kusan 11,000 a 2019, suka samu irin waɗannan dabaru har 1,818.

Gaskiya ita ce a ƙauyukanmu ba a cika aika wa suruki ko dagaci imel ba, don haka wancan rikici na Kalifoniya bai taɓa mu kai tsaye ba sosai. Abin da ya taɓa mu shi ne jikansa. Dabarar nan ta "ba mu izinin ganin lambobin da ke wayarka don mu taimaka maka" ita ce manhajojin bashin gaggawa suka ɗauka suka kai ta ƙarshenta a Najeriya. Ka nemi rancen dubu goma don sayen taki ko biyan kuɗin jarrabawa, allo ya tambaye ka izini da Turanci a daidai lokacin da idonka ke kan kuɗin, ka danna. Ranar da ka makara da biya, saƙo ya isa ga limaminku da surukarka da maigidanka cewa kai ɓarawo ne. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan irin wannan keta sirri. A watan Maris na 2022 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da irin wannan bashi a Legas, daga ƙarshen Mayun 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa taɓa lambobin waya da hotunan mutane. Ban ce LinkedIn da waɗannan ɗaya suke ba. Wancan ya ari sunanka ya yi talla, waɗannan sun kama sunanka sun yi garkuwa da shi. Amma ƙofar da suka bi ɗaya ce, kuma babban kamfani mai mutunci ne ya fara saba wa duniya da ganin buɗe ta ba komai ba ne.

LinkedIn na yau ya fi na wancan lokaci kamun kai, amma salon marubucin bai sauya ba. Ɗauki sanarwar nan mai cewa wasu mutane sun duba shafinka. Ka buɗe, a nuna maka kaɗan, sauran a lulluɓe su da hazo, a ce in kana son ganin su ka shiga tsarin biya, watan farko kyauta, amma kawo lambar katinka. Ga ma'aikacin da ke zaune a ofis wannan ɗan ƙaiƙayi ne. Ga wanda ya shekara biyu yana jiran kira, hazon nan yana iya zama mai ɗaukar aiki, kuma an san da haka aka lulluɓe shi. Kuɗin kuwa in ba ka tuna ka soke ba, da kansa zai fita daga asusunka. Sai ma'aunin da ke nuna maka shafinka bai cika ba, kullum da sauran abu ɗaya da za ka ƙara. Sai amsoshin da aka riga aka rubuta maka na taya murna, ka danna kawai ta tafi. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni dariya da takaici a haɗe. Mu da muke tafiya ƙauye uku don yin barka, an rage mana ita zuwa motsin babban yatsa, kuma wanda aka yi wa ya san haka, tun da shi ma jimlar aka ba shi jiya.

A nan dole a yi adalci. Ba duk jan hankali ne yaudara ba. Mai tallan goro yana jera masu kyau a sama yana yayyafa ruwa, ba wanda ya kai shi wurin sarkin kasuwa. Kamfanin da ya sayar da ganin waɗanda suka duba ka kasuwancinsa yake yi, ya faɗi farashi, kana iya wucewa. A ganina iyakar tana wuri ɗaya: in da za a tsayar da kai a bayyana maka abin da maɓallin zai yi dalla-dalla da harshenka, za ka danna? Hazon yana iya tsallake wannan gwaji da ƙyar. Tunatarwa ta biyu da ta uku ba za su tsallake ba. Haka nan abin da ya faru a watan Satumba na 2024.

A wancan wata ne masu amfani da dandalin suka gano an ƙara wani maɓalli a can cikin saituna, mai ba kamfanin damar amfani da bayanansu da rubuce-rubucensu wajen horar da ƙirƙirarriyar basira. Maɓallin a kunne aka tarar da shi. Abin lura shi ne taswirar. A lokacin, mazauna Tarayyar Turai da Suwizalan ba a saka su ba, Birtaniya ma aka dakatar bayan hukumarta ta yi magana. Najeriya ba ta cikin waɗanda aka keɓe. Manhaja ɗaya, lambobi ɗaya, amma wanda ke Dublin an bar masa nasa, wanda ke Dambatta an ɗauka sai in ya je ya hana. Ba don injiniyoyin sun fi ƙaunar Turawa ba ne. Can akwai mai sanda a bakin ƙofa. A watan Oktoba na wannan shekarar hukumar kare bayanai ta Ayalan ta ci tarar LinkedIn yuro miliyan 310 kan yadda yake sarrafa bayanan mambobi don talla, kuma ita ce a 2018 ta bayyana cewa kamfanin ya yi amfani da adireshin imel na mutum miliyan 18 da ba ma mambobinsa ba ne don bin su da talla a Facebook. Dokar Turai ta ayyukan intanet ta fito fili ta haramta tsara allo ta hanyar da za ta yaudari mai amfani.

Mu ma ba mu rasa doka ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce shirun mutum ko rashin motsinsa ba yarda ba ne. Kuma an ga hukumominmu suna iya taɓa manya: a watan Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220, kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2025. Abin da ya rage shi ne a riƙa kallon fuskar manhaja a matsayin hujja, ba takardar sharuɗɗa mai shafi talatin kaɗai ba. Lauya yana karanta sharuɗɗa. Yaron da datarsa ta kusa ƙarewa, batirinsa na kan kashi tara, allo kawai yake karantawa, shi ma da harshe na biyu ko na uku. Facebook ya sa Hausa tun 2016, LinkedIn bai sa ba. Kowace dabara da aka gina a kan gaggawa da rashin lura, a hannunsa ta fi kaifi.

Akwai abu ɗaya da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina, kuma ba ya cikin abin da ido ke gani a allo. A watan Satumba na 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da masana daga LinkedIn da jami'o'in MIT da Stanford da Harvard suka yi. Tsakanin 2015 da 2019, kamfanin ya yi gwaji a kan mutum fiye da miliyan 20 ta sashen nan da ke nuna maka mutanen da wataƙila ka sani. Wasu aka fi nuna musu makusanta, wasu aka fi nuna musu na nesa, sannan aka duba su wa suka fi samun aiki. Sakamakon ya goyi bayan abin da Mark Granovetter ya faɗa tun 1973, cewa aiki ya fi zuwa ta hannun wanda sanin da ke tsakaninku bai yi zurfi ba, domin shi ne ya san abin da 'yan gidanku ba su sani ba. Wannan ilimi ne mai amfani, musamman ga ɗan ƙauyen da duk wanda ya sani ya san juna. Yana nuna dalilin da ya sa dandalin ke da fa'ida ta gaskiya gare shi, kuma ban ce kowa ya rufe shafinsa ba. Na san waɗanda suka samu aikin rubuta manhaja daga nesa ta wannan hanya, suna zaune a garinsu suna gina wa iyayensu ɗaki.

Amma juya sakamakon ta ɗaya gefen. In wani rukuni ya fi samun aiki, to wani rukuni ya samu ƙasa da haka, kuma ba wanda ya san a wane rukuni aka jefa shi. Kamfanin ya ce abin da ya yi bai saɓa wa yarjejeniyar da mambobi suka amince da ita ba, wataƙila kuma a takarda haka ne. Taken da ke saman jerin yana cewa mutanen da wataƙila ka sani, kamar madubi ne da ke nuna maka duniyarka yadda take. Bai ce waɗannan su ne mutanen da muka zaɓa maka a wannan makon don mu ga abin da zai same ka ba. Dillalin Sabo shi ma yana zaɓar mahaucin da zai haɗa ka da shi, amma ka san shi ne ya zaɓa, ka san gidan da yake kwana, kuma in cinikin ya lalace maigidansa ne zai biya kuɗin shanun.